Yadda Za Ka Mallaki Gari a Ƙasar Waje Ba Tare da Ka Sauka Daga Jirgi Ba

Kai da ofis ya tura kwas ƙasar waje sau ɗaya tak, ka ƙare tafiyar tsakanin ɗakin otal da zauren taro don tsoron ɓata, matso kusa. Na san ciwonka. Duk ranar da aka haɗu a falon surukinka, mijin yayar matarka, wanda ake wa laƙabi da Mai Akwati, shi ke kan kujerar da ke kusa da Baba yana zuba labarin manyan birane, kai kuwa kana bakin ƙofa kana gadin takalma. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari kujerar za ta dawo taka, in ba ta dawo ba ka tare ni a kasuwa ka ci mini mutunci.

Mataki na 1: Zaɓi gari matsakaici

Kada ka kuskura ka taɓa babban birni. Mai Akwati ya san su kamar yunwar cikinsa, kuma ƙannen matarka kafin ka rufe baki sun binciko ka a waya. Ƙauye kuma ba abin tinƙaho ba ne, kowa yana da nasa. Gari tsaka-tsaki kake nema, wanda ke da tashar jirgin ƙasa amma ba a taɓa jin sa a labarai ba.

Ka tuna ranar dawowa, da jirgin ƙasa ya ɗan tsaya a wata tasha, ka ɗaga kai ka ga allo da sunan wani gari da bangon wata masana'anta? Shi ke nan, ka yi gari. Allah ya sanya alheri.

Mataki na 2: Raina manyan birane

Bari sai Mai Akwati ya kai tsakiyar labarin benen da ya kusa taɓo gajimare. Yi ajiyar zuciya, ka ce, "Ai Yaya, can hayaniya ce kawai, wurin 'yan sari. Wanda ya san tafiya ba nan yake tsayawa ba."

Zai ce, "To a ina yake tsayawa?"

Faɗi sunan garinka a hankali, kana kallon silin. Zai ce shi bai taɓa jin sa ba. Ka ce, "Ai shi ya sa." Riƙe wannan hikima: mai kuɗi yana jure komai, ban da a nuna masa bai waye ba.

Mataki na 3: Gina garin da tattali

Haɗama ce ke tona asirin yawancin ɗalibaina. Sai ka ga mutum ya cusa teku da tsauni da ƙanƙara a gari guda. Kai kogi ya ishe ka, da gada, da benci a bakin ruwa. Bencin katako ne, koren fentinsa ya fara ɓarewa, ƙafa ɗaya ta fi saura gajarta. Aibi ne ke sa a gaskata labari. Kusa da gadar ka dasa wani tsoho mai gasa burodi, ba ya jin yarenka, ba ka jin nasa, amma ranar da za ka taho sai da ya rungume ka. In an nemi hoto ka ce, "Wallahi wurin ya fi ƙarfin hoto, ko ta waya ban bi ba."

A mota matarka za ta ce, "Ni dai da ka dawo cewa ka yi ciwon ciki ya hana ka fita ko'ina."

Ka ce, "Wannan a babban birnin ne." Za ta mayar da kallonta kan titi. Ba yarda ta yi ba, amma bar zancen a haka.

Mataki na 4: Karɓi kujerarka

Baba mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan tebur guda, ya yi ritaya bai taɓa tsallaka iyaka ba. Za ka ga ya daina tambayar Mai Akwati tsadar kaya. Wata rana zai daki hannun kujera ya ce, "Malam, dawo nan, ba na jin ka daga can." Tashi, amma ka ɗan sosa ƙeya don a ce kana da kunya.

"Kogin nan," in ji shi, "ƙara yake yi ko shiru yake tafiya?"

"Shiru, Baba."

"Da agwagi?"

Ba shi agwagi, ba daga aljihunka za su fito ba. Duk zuwa zai sa ka maimaita daga farko. Kada ka canja launin bencin. Tsoho yana manta inda ya ajiye tabarau, ba ya manta launin benci.

Mai hankali a nan yake tsayawa. Na san kai ba za ka tsaya ba, don haka mu ci gaba.

Mataki na 5: Idan an ce a tafi

Baba zai kwanta asibiti, ya fito rigarsa ta yi masa yawa. 'Ya'ya za su kewaye shi, kowa na tambayar abin da ransa ke so. Zai ce, "Ba na son komai. Ku dai kai ni in zauna a bencin nan na Malam."

Mai Akwati zai ce, "Tikiti a wuyana, har da na jagora," yana yi maka murmushin da za ka ga haƙoransa duka.

Ka ce lokacin sanyi ne. Za a sayo rigar sanyi. Ka ce ka ji ana gyaran gadar. Matarka za ta ce, "Ko ana gyara ai benci na nan," ba tare da ta dube ka ba. Yanzu ne za ka yi abin da ya kamata ka yi tun a mataki na farko, wato ka nemi garin a waya. Tayoyin mota ake ƙerawa a can. Babu kogi, ko rafi babu. Kashe wayar ka je ka goge kayan tafiya.

Mataki na 6: A tasha

Ku sauka. Baba ya dafa kafaɗarka, matarka na jan akwati. Ga bangon masana'antar nan, ga filin ajiye motoci, ga iska mai warin roba. Dubi dama, dubi hagu, ka girgiza kai irin na wanda gari ya canja masa. Kafin ku fita harabar Baba ya gaji. Akwai wani bencin ƙarfe, toka-toka, kusa da kwandon shara. Zai zauna, ya daɗe yana mayar da numfashi, ya shafa ƙarfen da tafinsa.

"Sun sake masa fenti," in ji shi.

"Sun sake, Baba."

"Har ƙafar sun gyara. Kogin yana bayan bangon can ko?"

Kada ka dubi matarka. Idonta ya cika, kuma ta daɗe da sani. Ka ce, "Yana nan baya, Baba."

Zai lumshe ido ya karkata kunne. "Shiru yake tafiya kuwa, yadda ka faɗa. Allah ya yi maka albarka. Zo zauna kusa da ni, Malam."

Zauna. Kunya za ta rufe ka, irin wadda ba ka taɓa ji ba, kuma ba za ka gane ko ya sani ko bai sani ba. Amma ga ka kusa da Baba, babu Mai Akwati, babu takalman gadi.

Tsame hannu

Wurin zama na yi maka alkawari, kuma ka samu. Ban yi maka na kogi ba, ban yi na agwagi ba, kuma kallon da matarka za ta riƙa yi maka daga yau ba da yawuna ba ne. Idan Baba ya huta ya miƙe ya ce ku je ku gaida mai burodi, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba, kuma babu mataki na bakwai.