Ƙullutu a Wuyan Ɗan Fari

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da likitocin bincike suka tara dangin mijina a asibiti a nan Daura ba. Har yau in Keke Napep ya bi da ni ta ƙofar asibitin, sai in ja mayafi in rufe rabin fuska, kamar ginin zai nuna ni da yatsa.

Ni 'yar Babban Mutum ce, aure ya kawo ni Daura. Bokona a aji huɗun firamare ya tsaya, amma kunya kam an koya mini ita har na sauke. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ko faɗuwa ya yi, sai ki kau da kai ki bari wani ya ɗaga shi. Ni kuma tawa kunyar biyu ce, domin sunan marigayi mahaifin mijina aka sa wa yaron. Kowa Abba yake ce masa. Ni ko Abban ba na faɗa a gaban Inna, uwar mijina, sai dai in ce "yaron nan", kamar a hanya na tsince shi.

Wannan a tsakar gida ke nan. In muka shiga ɗaki na saki labule, duba shi nake yi kamar mai sayen akuya a kasuwa: ido, harshe, kunne, har tafin ƙafa. A irin wannan dubawar ce yatsana ya ci karo da wani ɗan ƙullutu a wuyansa, ƙasan kunne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na nuna wa Baban Abba. Ya taɓa sau ɗaya ya ce, "Ke dai kin cika tsoro," ya ɗauki makullin babur ya fita. (Ban ga laifinsa sosai ba. Kafin nan na taɓa sa shi ya kai mu kemis a kan shaƙuwa.)

Tsoron nawa kuwa da dalilinsa. Ciwon dajin hanji ne ajalin surukina tun kafin a kawo ni gidan. Bayan haka Yaya Sani, wan mijina, aka yi masa aiki a Kano a kan irin ciwon, alhali ko furfura bai fara ba. Likitocin can suka ce idan ciwo irin wannan ya maimaita a gida ɗaya, kuma ya kama mai ƙuruciya, wani lokacin gado ne. Suka nemi izinin su zo su ɗauki yawun 'ya'yan marigayi su bincika. Ni duk bayanin da aka yi, kalma ɗaya ce ta zauna mini a kai: gado. Yaron da ya gaji suna, me zai hana ya gaji sauran?

Ranar muka tafi asibitin gida guda, Inna ce ke riƙe da Abba, ni ina baya da jakar ruwa da tabarma kamar 'yar rakiya. Aka ce mu jira a baranda. Ashe tare da masu binciken akwai likitan wuya da maƙogwaro, mutanensa su ma suna kan layi. Kusa da ni wani dattijo ne daga Mashi, an ce dillalin shanu ne a da. Ya naɗe wuya da farin ƙyalle, ga siririyar roba ta shiga ta hancinsa. Ba ya iya magana, in yana son abu sai ya ɗan buga gwiwar matarsa da yatsa biyu. Na ga ta zuƙo kunu mai ruwa-ruwa da babban sirinji ta ɗura masa ta robar a hankali, tana yi tana goge masa gemu.

Na yi mata sannu da jinya. Ta amsa, sannan ta ƙara da abin da ban tambaye ta ba.

"'Yar nan, kamar wasa ya fara. Wani ɗan abu ne a wuya, bai fi gyaɗa ba."

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na hango Abba a cinyar Inna yana cin ƙuli-ƙuli, na ji kamar in fizge shi in ruga ɗakin likita. Amma sai na gyara zama na kau da kai, domin haka tarbiyya ta ce.

Da aka kira mu ciki, likitar mace ce, 'yar siririya mai Hausar Kano, da takalmi mara tsini. Ta ɗauko farar takarda tana zana dangi tun daga kan marigayi, wa ya haifi wa, wa ya yi wane ciwo. Na lura da abu ɗaya: ba ta karɓar laƙabi. Rabi, ƙanwar mijina, ta ce "Abba", likita ta ɗago ta ce, "Sunan yanka nake so." Rabi ta raɗa mata a kunne saboda Inna. Aka ba manya 'yan kwalabe suka juya wa bango fuska suna tofa yawu. Yara kuwa ba a ba su komai ba. Na jira a ce a kawo yara, ba a ce ba.

"Akwai mai tambaya?" in ji likita, tana haɗa kayanta. "Yau za mu koma Kano."

A nan dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ɗauka ko malamin makaranta iyakar abin da zai ƙirƙiro ke nan. Na sunkuyar da kai na ce, "Likita, wai wani yaro ne, ɗan maƙwabciyarmu, wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Uwar ce ta ce in tambaya mata."

"Wace maƙwabciyar?" in ji Inna.

Ban shirya wa wannan ba. Gidanmu ta hagu masallaci ne, ta baya kango. Ta dama kaɗai ake da mutane, wasu Inyamurai masu shagon kayan gyaran babur, mutanen kirki, mun daɗe muna zaman lafiya. Na ce, "Maman Chidi."

"Shekarar yaron nawa?" in ji likita.

"Bai cika uku ba."

Rabi ta ajiye kwalbarta. "Matar Yaya, Chidi dai? Chidi mai gemu, wanda ya canza wa Yaya taya shekaranjiya?"

"Ƙaninsa," na ce.

"Ikon Allah! Matar da ta aurar da autarta bara? Yaushe ta haihu ba ta aiko mana da cincin ba?"

Yaya Sani ya fara tari irin na mai danne dariya, yana dafe wurin ɗinkinsa. Baban Abba ya ƙura wa silin ido kamar an rubuta masa wani abu a can. Likita dai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malama, ba a duba yaro da saƙo. Ki ce wa uwar ta kawo shi asibiti a taɓa a gani."

Shi ke nan, kowa ya miƙe. Inna ta miƙa wa Rabi Abba ta ce ta yi gaba da shi gida, rana ta yi. Rabi ta saɓa shi a kafaɗa ta fita baranda. Ina kallon bayan wuyansa yana nisa, likita kuma ta zuge jakarta. Ta ƙofar da aka buɗe na sake hango dattijon nan yana buga gwiwar matarsa da yatsa biyu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kuma da yake na ga likitar nan ba ta aiki da laƙabi, sai bakina ya yanke wa kansa hukunci.

"Haruna! Rabi, dawo min da Haruna! Likita, ba ɗan kowa ba ne, ɗana ne, wuyan Haruna ne!"

Sau uku. Sunan surukina, sunan ɗana na fari, a gaban matar marigayi da 'ya'yansa duka, da muryar da ban san ina da ita ba. Har mutanen baranda suka leƙo. Inna, wadda ta yi zaman aure da mutumin nan har ya koma ga Allah ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, amma siminti ne.

Rabi ta dawo tana tafe tana rangaji. "Ga Malam Haruna an kawo, ranki ya daɗe. Ko a kira Chidi ma ya zo?"

"Rufe mana baki," in ji Inna. Ta karɓi yaron da kanta ta ɗora a kan gadon likita.

Likita ta buɗe jakar da ta riga ta zuge, ta sa safar hannu. Ta taɓa ƙullutun, ta motsa shi, ta tambaye ni yaushe na gan shi, ko yana girma, ko yaron na zazzaɓi, ko yana cin abinci. Na amsa duka ina kallon yatsun ƙafata. (Amsoshin kam ina da su tsaf. Wannan ce kaɗai jarrabawar da na taɓa ci.) Sai ta tura hular Abba baya, ta nuna wasu ƙuraje da suka fito masa a kai bayan aski. Ta ce kaluluwa ce, ƙurajen ne suka tayar da ita, kuma ba ta da haɗi da ciwon hanji. Don in samu natsuwa ta leƙa ta kira likitan wuya, shi ma ya taɓa ya faɗi haka. Suka rubuta magani, suka ce in ta ƙi sauka ko ta ƙara girma, a dawo da shi kada a zauna.

Na yi ƙarfin hali, tunda dai an riga an sha kunyar, na ce, "To gadon fa?"

Ta ce ba a gwada yara ƙanana a kan irin wannan. Uban za a fara dubawa. In ba ya ɗauke da shi, to yaron ma ba shi da shi ta wannan hanyar. In kuma yana da shi, ba hukuncin mutuwa ba ne, sa ido ake yi tun da wuri, shi kuma Abba sai ya girma a yi maganarsa.

A Keke Napep ɗin komawa ni da Inna aka haɗa a baya. Na manne a gefe ina jiran faɗa. A haka muka wuce kasuwa. Can, tana kallon titi, ta ce, "Malam, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana ganin jini in ya zaga. Ya ce basir ne. Ni na sani, shi ya san na sani, ba wanda ya iya buɗe baki." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da muka sauka ta ce in ɗora ruwan tuwo.

Kaluluwar ta sauka bayan ƙurajen sun warke. Sakamakon Baban Abba kuwa har yanzu muna jira, an ce irin wannan gwajin yana ɗaukar lokaci, ni ma ina ɗaukar nawa lokacin wurin tunani. Rabi ba ta bar ni ba, har labarin ya isa shago, Maman Chidi ta aiko mini da sannu da renon ɗanta.

Kunyar ban daina ba, kada a ce na lalace. A tsakar gida har gobe "yaron nan" ne. Abin da ya canza kaɗan ne. Yanzu duk ranar da muka kai shi asibiti, da zarar likita ya ce, "Me ke damunsa?" sai Inna ta tuna ba ta gaisa da wata a baranda ba. Ta fita ta ja ƙofa, kuma ba ta dawowa sai ta ji na yi shiru.

Darasin da na ɗauka dai shi ne: in kunya za ta hana ki magana, to ta hana ki tun a gida. Wadda ta riƙe ta har gaban likita, sai ta biya da ihu.