Ranar da Waƙa ta Isa Korgom, Gambo Ba Ya Nan

Jama'a, ku yi mini haƙuri in rubutun yau ya fito a karkace, a tsaye nake yin sa. Amalanken shanu ne ya kai ni Tasawa ya maido ni, kuma duk wanda ya san hanyar Korgom ya san abin da take yi wa mazaunan mutum. Ba don sha'awa na hau ba. Na fita neman kabu-kabu, na iske masu babura sun yi layi a gidan mai har inda ido ya gaji, wani ma ya shimfiɗa tabarma yana yankan farce. Aka ce mini isansi, wato fetur, yana hanya. Tun ina da baƙin gashi yake hanya, Allah dai ya kawo shi lafiya.

Mai amalanken maƙwabcina ne, Baba Gambo, kuma tafiyar tasa ce, ni ɗan rakiya ne. Bari in gaya muku abin da ya fitar da dattijo daga gona ana tsakiyar aiki.

Kun san Ɗan Baba mai gurmi. To, yana da wata tsohuwar waƙa ta manoma, wadda yake bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya yana gaida gwanin noma na kowane gari. Daga Mayahi take tashi, ta bi ta Urafan, ta yi ta yawo har Baudeta, Korgom ce ta ƙarshe. Matsalar ita ce kaset ɗin da aka ɗauke ta a kai tun zamanin da, zarensa bai kai ba. Daidai inda Ɗan Baba ya ce, "Sai mu leƙa Korgom, mu gaida…" sai ka ji ƙat! Shi ke nan. Duk wadda ke cikin wayoyin yara yau daga wannan kaset aka kwafe ta, ita ma nan take mutuwa.

Baba Gambo ya ce sunansa ne ke bayan wannan ƙat ɗin. Ya ce yana saurayi ya ji da kunnensa a wajen wata gayya. Garin kuwa ya mai da shi abin dariya, kowane gida ya ce ai kakansu ne. Mati, abokin wasansa tun suna kiwon awaki, shi ne shugaban masu tsiya. In Gambo ya doso majalisa sai Mati ya ce, "Ku matsa, ga Mu-Gaida nan tafe." Har jikokinsa aka fara kira ƴan gidan Mu-Gaida. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake yakan yi murmushin yaƙe. Na taɓa ce masa ya aika a tambayi mawaƙin mana, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ilyasu, namiji ba ya zuwa roƙon yabon kansa."

Sai ga shi an yi shela a rediyo cewa Kwamitin Raya Al'adu da Sauran Abubuwa zai kawo Ɗan Baba fili a Tasawa, ya yi wasa da hantsi, kyauta. Gani ya kori ji. Baba Gambo ya wanke sansa fes, ya sa rigar Salla, ya ɗora matarsa Inna Hindu, ya aika aka kira Mati. "Hau," in ji shi. "Yau ko ni ko kai."

Muka isa fili muka iske rabin Korgom ta riga mu. An kafa rumfa, an jera kujeru masu laushi, ba kowa a kansu sai inuwa. Mu talakawa aka nuna mana rana, aka ce tamu ce, mu zauna duk inda muke so. Allah ya saka wa kwamiti, ba su yi mana rowarta ba.

Ɗan Baba ya tsufa, jama'a. Sai da aka riƙe masa hannu ya hau dandamali. Amma da ya karta gurmin nan sau ɗaya, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wata tsohuwa kusa da ni ta saki guɗa, mai sayar da ruwan sanyi ya manta da cinikinsa. Ya yi bisimilla, ya gaida iyayen gidansa, ya kama hanyar Mayahi. Muka bi shi. Mun iso Urafan ke nan sai jiniya ta tashi.

Wani ɗan siriri cikin baƙar kwat, gumi na zuba masa har haɓa, ya haye dandamali a guje ya dafe makirfo. Shi ne mai tsara zaman manya, mu dai Mai Kwat muka sa masa. Ya ce a dakata, Mai Girma Shugaban Kwamiti ya iso, kowa ya miƙe. Muka miƙe. Mai Girma ya zauna, ya sha ruwa, ya tashi ya yi mana jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci. Rabi da Faransanci ya yi shi, don kada mu gane mu ji haushi.

Da ya gama, Mai Kwat ya ce wa mawaƙi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗan Baba ya girgiza kai.

"Yaro, waƙata kamar alwala take. In ta karye, daga farko ake sakewa. Haka na gada, ban kuwa canzawa yau."

Ya sake bisimilla. Muka koma Mayahi.

Kada in cika ku da surutu. Mun wuce Urafan da kaɗan, Mai Girma Mai Yanka Ƙyalle ya iso, ko da yake babu ƙyallen da za a yanka, almakashinsa dai yana aljihu ko da za a dace. Muka miƙe, muka zauna, muka koma Mayahi. Sai ga wakilin wani babba da bai samu zuwa ba, ya karanta mana gaisuwar maigidansa da baƙin cikinsa na rashin zuwa. Muka koma Mayahi. Muna cikin tafiya sai ga shi babban da kansa, ashe ya samu zuwa, ya zo ya ga ko wakilin nasa ya zo. Shi ma ya yi jawabi, ya nanata baƙin cikin. Ni da ban taɓa kwana Mayahi ba, ranar nan na san gwanin nomansu kamar ƙanen ubana.

Azahar ta yi, muka yi salla a gefen fili muka dawo. Rana ta gasa mu har ta gaji. Inna Hindu ta lulluɓe kai da zane tana ta salati. Mati kuwa sai zolaya yake yi: "Kai Gambo, ko kai ka ɗauko manyan nan haya don kar a kai Korgom asirinka ya tonu?" Baba Gambo ya ƙura wa dandamali ido. Na ga leɓensa na bin waƙar baiti baiti. Tausayinsa ya kama ni, don na san in aka tashi ba a kai ba, ya shiga uku da bakin mutane har kabari.

Can bayan la'asar kujeru suka cika, babu sauran babban da ya rage a ƙasar Allah. Ɗan Baba ya kurɓi ruwa, ya sake ɗaukowa. Mayahi. Urafan. Ba jiniya. Ya yi gaba, murya ta buɗe, tsufa ya sake shi. Da ya ambaci Baudeta sai mutanen Korgom suka fara matsowa gaba da gwiwa. Saura ƙiris.

Sai ga Mai Kwat a kanmu.

"Amalanken wane ne wancan a bakin hanya?"

"Nawa ne," in ji Baba Gambo, idonsa na kan dandamali.

"A gusar da shi yanzun nan. Manya za su fita, an ajiye musu abinci yana hucewa."

Na ce ni zan je. Baba Gambo ya ce san nan ba ya jin maganar kowa sai tasa, in na matsa masa zai zubar da ni. Na ce to a bari a gama baitin mana. Mai Kwat ya ce abincin manya ba ya jiran baiti. Nan dattijo ya yi wani lissafi irin na wanda ya daɗe yana zaune da hukuma. Ya raɗa mini: "Kwantar da hankalinka, Ilyasu. Mutanen da suka tsaida waƙa don su zauna, ai sai sun tsaida ta don su tashi. Za a koma Mayahi. Kafin a dawo na dawo." Ya ɗauki sandarsa ya nufi sansa, har da ɗan saurinsa.

Wayyo, Baba Gambo! Ashe babba da shela yake shigowa, amma in abinci ya kira shi sulalewa yake yi. Ba jiniya, ba jawabi, ba a miƙe. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki ta bayan rumfa. Mai injin wuta ya ga iyayen gidansa sun tafi, ya kashe abinsa ya bi su, lasifika ta mutu. Amma ba wanda ya dafa Ɗan Baba ya ce ya dakata, saboda haka alwalarsa ba ta karye ba. Ya ture makirfon gefe, ya ci gaba da muryar da Allah ya ba shi, wadda ba ta wuce mu da ke gabansa ba.

"Sai mu leƙa Korgom, mu gaida…"

Wallahi duk filin ba wanda ya yi numfashi. Mun saba da ƙat a wurin nan.

"…mu gaida Gambo angon Hindu,
wanda rana kan gaji ta bar shi a gona."

Inna Hindu ta rufe fuska da zane ta fashe da kuka, tsohuwa mai jikoki, an kira ta amarya a gaban duniya. Mutanen Korgom suka ɓarke da ihu. Mati ya cire hula ya riƙe a hannu, bakinsa a buɗe. Ni kaina sai da na share ido, na ce ƙura ce.

Muna cikin haka sai ga Baba Gambo ya dawo yana haki. An sa shi ya kai amalanken har bayan kasuwa, wai kada ya fito a hoto.

"An koma Mayahi?" ya tambaya.

Aka rufe shi da murna, kowa na faɗa masa. Ya bi mu da kallo ɗaya ɗaya. Ya dubi dandamali, ya ga wayam: an riga an cusa Ɗan Baba a mota, an tafi da shi ya yi wa manya kiɗa su ci abinci. Aka ce a kawo wayar da ta naɗi waƙar a kunna masa. Wayoyin duk sun mutu tun wajen jawabi na uku. Guda ɗaya ta kai labari, ta wani mai shayi, aka kunna. "Sai mu leƙa Korgom, mu gaida…" Nan batirinta ya mutu.

Mati ya kama hannunsa. "Gambo, na rantse da Allah kai ne. Da kunnena na ji. Ka yafe mini."

Baba Gambo ya zare hannunsa a hankali. "Kai da ka ƙaryata ni tun muna da haƙora, yau ka ga na tsufa na sha rana, shi ne za ku haɗa baki ku lallashe ni? Na gode. Ban son sadaka."

"Malam, har sunana ya faɗa," in ji Inna Hindu.

"Ke ma da ke, Hindu?"

Haka muka dawo, muna sauraren ƙarar ƙafar amalanke. Yanzu Korgom kaf ta yarda sunan Gambo ne a waƙar, an daina Mu-Gaida, yara har rusuna masa suke yi. Mutum ɗaya ne ya rage yana shakka, shi ne mai sunan. Jiya na wuce ƙofar gidansa na ji ya kunna tsohon kaset ɗin, ya kara kunne, har zuwa ƙat.

Rediyo kuwa ta ce biki ya yi armashi, jama'a sun koma gida cikin farin ciki, kuma za a kafa ƙaramin kwamiti ya binciki yadda aka yi aka samu wannan nasara. Ni ba ni da ta cewa, ranku ya daɗe. Ba mu ce ku kawo isansi ba, ba mu ce ku zo kan lokaci ba, mun san abin da ya fi ƙarfinku. Roƙona ɗaya ne: in kun fara ɓata abu, don Allah ku riƙa tsayawa ku ɓata shi har ƙarshe. Akwai talakan da ya dogara da ku.