Butocin Masu Sharar Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, da shekarar da kwamitin kasuwarmu ta Malanville ya ɗora ni kan kula da jin daɗin masu shara. Dalilinsu kawai wai na yi lakkol, wato boko (aji huɗu ne, amma ban ga amfanin faɗa musu ba).

Ni kuwa Allah ya yi ni da mafarkin ido biyu. Ina zaune a rumfar albasa, hankalina na can bisa gada yana bin kwalekwalen masunta. A haka wata madam mai duba haƙƙin ma'aikata ta kira ni a waya, rezo, wato layin, na yankewa, Faransancinta na gudu. Abin da na tsinta shi ne: doka ta ce kafin damina a ba kowane mai shara "bot", kuma za ta zo ta gani da idonta.

Buta! Har ƙwalla na yi. Na ce kai, ashe dokar ƙasar nan na da imani, ta tuna da alwalar talaka.

Na hau kabu-kabu zuwa Gaya, tsallaken kogi, na zaɓo butocin roba masu zanen kore da ja. A hanyar dawowa suna ta kaɗawa a bayana, iskar kogi na bugun fuskata, ni kuwa ina ganin kaina a Kwatano cikin babbar riga, ana tafi, ana kiran sunana a rediyo. Har jawabin godiya na shirya, wallahi.

Ranar da madam ta zo, na jera masu shara a inuwa, kowa rungume da butarsa, rana na walƙiya a jikin robar. Ta dube su, ta dube ni, sannan ta sauke idonta ƙasa. Nan na fara ganin ƙafafunsu, tun da aka ba ni aikin. Silifas ne duk sun cinye, wani ma babu. Inna Hajo, tsohuwar da ke kwashe kwatar layin 'yan kifi, ta ɗaure ƙafarta da tsumma inda kwalba ta yanke ta.

"Mushe, ina takalman?" in ji madam (mushe wai "malam" ke nan da Faransanci).

"Waɗanne takalma?"

"Bot! Dogayen takalman roba, na shiga kwata!"

Sai Inna Hajo ta ɗaga tata butar, ta leƙa cikinta.

"Ɗana, wagga dai ƙahwata ba ta shiga. Ko akwai babba?"

Wayyo Allah! Dariya ta ɓarke har mahauta suka baro nama suka zo kallo. Na so ƙasa ta tsage. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce ruwan kwata na shiga ciwon nan, tsohuwar na iya rasa ƙafar, a kai ta likita yanzu.

Ni na kai ta. Kafin kwamiti ya sake haɗa kuɗin takalma ruwan farko ya sauka, Inna Hajo ta yi wata guda a kwance, kuma har yau tana ɗingishi. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. In ta wuce rumfata cikin takalmanta takan ce, "Mai Buta, an tashi lahiya?" Sai in amsa, ya zan yi.

Yanzu ko gishiri aka aike ni saye da Faransanci, sai na tsaya na tambaya: a ƙafa ake sa shi, ko a hannu ake riƙewa?