Ranar da Na Daina Cewa Watakila

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da motar silima ta zo Dakoro, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Shekarun farko ne na samun mulkin kai (ba zan faɗi shekarar ba, kada in yi kuskure), ni kuma ina sabon fitowa daga makarantar horon malamai, an turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon garin. Ina da wata ɗabi'a: ba na sakin magana sai na jingina ta da "watakila". Ko ɗalibi ya tambaye ni ko gobe akwai karatu, sai in ce watakila akwai. Kafin a jima suna ya bi ni, Mushe Watakila (Mushe shi ne yadda ake kiran malamin lakwal, daga Faransanci).

A lokacin akwai wata tsohuwar rigima kan rijiya ta wajen hanyar Birnin Lalle, tsakanin Maigari Nomau, shugaban manoman wurin, da tsoho Agali, babban Buzayen da ke kiwo a arewa da su. Nomau ya ce kakansa ya haƙa ta. Agali ya ce raƙuman kakansa suka ja ƙasar. Shekara da shekaru ko gaisawa ba sa yi. Sabon kumandan, mai mulkin yankin, ya gaji, ya kira su zaman sulhu, ya kuma rantse in ba su daidaita ba zai sa a rufe rijiyar kowa ya rasa, ga bazara ta kawo jiki.

Ana gobe za a yi zaman sai ga motar silima. Da kumandan ya ji labarin da ke ciki, na wasu tsofaffin abokan gaba ne a sararin samaniya da suka shirya a ƙarshe, sai ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Shi mutumin yammacin ƙasar ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, silimar kuma da Faransanci take, don haka ya aiko a kira ni.

"Mushe, kai ne tafinta, da silimar yau da zaman gobe."

"Watakila zan iya, ranka ya daɗe."

"Ba na son watakila," in ji shi.

Na fito da ƙudurin da ban taɓa yi ba: yau kalmar nan ba za ta fita bakina ba. Na roƙi mai motar ya nuna mini ko kaɗan kafin lokaci, ya ce man injinsa ba ya isa kallo biyu. Sai na shiga aji na rufe ƙofa, na yi ta yi wa bencina fassara da babbar murya (sun saurara da ladabi, ba wanda ya musa).

Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a bangon lakwal, gari ya hallara. Kumandan a tsakiya, Nomau a damansa, Agali a hagunsa da rawani har hanci, takobinsa a gicciye bisa gwiwa. Ni kuma a tsaye gefen ƙyallen da abin magana a hannu.

Da farko abin ya yi kyau, in ban yabi kaina da yawa ba. Mutanen duniya sun hau kumbo sun nufi wani tauraro, inda wasu dogayen mutane masu hula da ƙaho biyu suke, waɗanda suke yaƙi da su tun kaka da kakanni. Ina faɗa kai tsaye: "Ya ce a tada jirgi! Ya ce wuta ta kama!" Wata mai ƙosai ta ɗaga murya, "Mushe, su waɗannan ina suke samun ruwan alwala?" Na ce suna taimama. Ko kokwanto ban yi ba. Har kumandan ya gyaɗa mini kai, ni kuwa kaina ya fara kumbura.

Sai aka zo wurin. Tsohon sarkin masu ƙaho ya sauko daga kumbonsa, ya tsaya gaban shugaban mutanen duniya, ya sa hannu cikin riga, ya yi magana. A nan zan ɗan kare kaina. A Faransanci zaman lafiya shi ne "la paix", takobi kuma "l'épée", kunne ya ji lape da lepe. Amsa-kuwwar motar kuwa tana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na san da sulhu za a ƙare, amma na ɗauka da sauran tafiya, ga shi kuma mutum ya sa hannu a riga. Da jiya ce, da na ce watakila. Amma na yi alkawari. Na cika ƙirji na ce:

"Ya ce ya zo musu da takobi!"

Nomau ya miƙe zumbur. "Kun ji ko! Halinsu ke nan, su zo da murmushi, takobi cikin riga!"

"Da wa kake, Nomau?" in ji Agali, hannunsa ya sauka kan ƙotar takobi. Mutanensa suka tashi, manoma suka tashi, mata suka fara jan 'ya'yansu. Mai ƙosai ta ɗauke kaskonta.

A daidai nan, a bisa ƙyalle, tsohon ya fito da hannunsa. Ɗan goran ruwa ne. Ya miƙa wa abokin gabarsa, ya sha, suka rungumi juna, kiɗa ya tashi. Idon gari duka ya bar ƙyallen ya dawo kaina, kumandan yana ta maimaita "la paix" ta tsakanin haƙora.

Na yi tunanin ɗora wa amsa-kuwwa laifin. Na yi tunanin tsallake katanga in kama hanyar Kornaka da ƙafa. Amma rijiya za a rufe saboda kunnena, don haka na ɗaga abin maganar.

"Jama'a, ku zauna don Allah. Ni na yi kuskure. Ba takobi ya ce ba, zaman lafiya ya ce ya kawo."

Wani daga baya ya ce, "Watakila?"

"Babu watakila!"

Dariyar da aka yi, ina jin an ji ta har garin Mai Yara. Agali ya yi ta yi har rawaninsa ya zame. Da ya samu numfashi sai ya leƙa ta gaban kumandan, karo na farko cikin shekaru ya yi wa Nomau magana ba da faɗa ba.

"Nomau, wannan ɗan ne zai yi mana tafinta gobe?"

"Shi ne fa."

"To in ka ce ruwa, wuta zai ce."

"Kai kuma in ka ce sannu, zai ce ka zagi uwata," in ji Nomau.

Da safe na isa ofishin kumandan da littafina cike da kalmomi, na yi niyyar wanke kaina. Sai na tarar da Nomau da Agali a tabarma ɗaya ƙarƙashin itacen bedi, ana zuba shayi. Ashe tun asuba suka zauna suka gama da Hausa, su kaɗai: manoma su ɗebi ruwa da safe, raƙuma su sha bayan azahar.

"Mushe, zo," in ji Nomau. "Mun ga gara mu shirya da bakinmu, kafin ka fassara mu mu koma yaƙi. Shiga ka faɗa wa kumandan an zauna lafiya."

Agali ya riƙe mini hannun riga. "Kalma ɗaya ce, ɗana. Riƙe ta da hannu biyu."

Na shiga na faɗe ta a hankali, har sau uku.

Ba a rufe rijiyar ba. Sunana dai ya sauya, na tashi daga Mushe Watakila na koma Mushe Takobi, kuma har na bar Dakoro ba a daina tambayata lafiyar kunne ba. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya cika ƙirji ya fara wanke kunnensa. Amma in ana lissafin waɗanda suka sasanta Nomau da Agali, ina ganin ya kamata a sa sunana. Watakila a ƙarshen layi.