Injiniya Tanimu da Manhajar da Ta Ƙi Hawa

Wani mutum ne a Malumfashi ana ce masa Injiniya Tanimu. Kada ka tambaye ni makarantar da ta ba shi injiniyancin, don ko shi in ka matsa masa sai ya ce maka sirrin aiki ne. Abin da kowa ya sani shi ne yana da ɗan tebur a bakin tasha, yana tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya, yana manna gilashin allo, wani lokaci ya hura wa ramin caji iska, fuu, ya ce ya yi mata gyara. Amma a baki, wai! Tanimu ya taɓa gyara kwamfutar wani babban ofis daga nesa, ta waya, yana cin gyaɗa. Tanimu ya taɓa tayar da na'urar da Turawa uku suka haƙura da ita. Kuma Allah ya sani ba mugu ba ne, mutum ne mai fara'a da son jama'a. Bakin ne kawai ya fi hannun gudu.

To, a garin akwai wata mata, Malama Saude, mai riƙe da cibiyar koya wa mata sana'a. Wasu bayin Allah suka ba cibiyar tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu, aka sa ranar Alhamis za a buɗe aji. Sai dai komai na cikinsu Turanci ne, matan kuwa yawancinsu Hausa kaɗai suke karantawa.

Ka san kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke riƙe da komai a ciki. A kanta kuma akwai fuska, wato abin da kake gani a allo kana dannawa. To Malama ta ji labarin wata fuska da 'yan sa-kai suka haɗa, suka bar ta a buɗe kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so, har wasu sun mayar da ita Hausa. Matsalar ɗaya ce. Su masu ita sun rubuta ƙarara cewa ba ta hawa kan irin uwar manhajar da ke cikin kwamfutocin nan. Uwar kuma ba ta canzuwa, don firintar cibiyar ita kaɗai take yi wa biyayya.

Ranar Litinin da safe Malama ta biyo ta tasha a manna mata gilashin waya. Tana jira, sai ta yi kuskuren faɗin damuwarta.

Tanimu ya ajiye wayar. "Malama, wa ya ce ba ta hawa?"

"Su da suka yi ta."

"Su suka yi ta, amma ai ba su san ni ba."

"Na kai Funtuwa, na kai Katsina. Duk sun ce ba ta yiwuwa."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Yara ne, Malama! Ni da hannun nan na taɓa sa manhajar jirgin sama a wayar tocila. Kawo ɗaya kawai, kafin shayi ya huce an gama."

Malama ta dube shi ta saman tabarau. Mace ce mai sanyin magana, amma ba a yi mata wayo sau biyu. Ta ce, "Shi ke nan, Injiniya. Dama muna neman malamin kwamfuta. In ranar Alhamis ta hau, ajin naka ne."

Nan fa zuciyar Tanimu ta yi tsalle. Shekara tara yana gasuwa a ranar tasha, hayaƙin mota na shiga masa hanci. Yau ga kujera ƙarƙashin fanka, ga katin aiki a rataye a wuya, ga mata goma sha biyu suna cewa "Malam, a sake maimaitawa." Wallahi yana son aikin nan har cikin ransa. Ya karɓi kwamfutar, ya rungume ta ya kai gida.

Ya sauko da manhajar daga intanet, ya danna. Ɗin! Wani jan rubutu ya fito. Ya sa waya ta fassara masa, ashe manhajar ce ke cewa wannan ba gidanta ba ne, ba za ta zauna ba.

"Rashin kunya," in ji Tanimu. Ya sake dannawa. Ɗin! Ya kashe, ya kunna, ya hura wa ramin caji iska. Ɗin!

Talata ya nemo bidiyon wani mutum mai magana da sauri, ya bi shi daki-daki. Ya buɗe wani baƙin allo yana kwafe rubutun da ko kalma ɗaya bai gane ba. Manhajar ta ce tana neman wani fayil. Ya nemo mata. Fayil ɗin ya ce shi ma ba ya aiki sai da wasu biyu. Ya nemo su. Su kuma kowanne ya ce sai da nasa uku-uku, kamar ka gayyaci mutum ɗaya walima ya zo maka da unguwarsu. Kwamfuta ta ɗau zafi, fankar cikinta na ta fuuu, fuuu, shi ma gumi na bin bayansa. Har la'asar bai ci abinci ba, jan rubutun nan kuwa yana nan daram.

Laraba da hantsi ya haɗiye girman kai, ya shiga dandalin masu manhajar, ya rubuta tambaya da Turancin da waya ta haɗa masa. Ba a jima ba wani ya amsa cikin ladabi. Ya ce su kansu ba su taɓa yin nasarar ɗora ta a kan wannan uwar ba, amma in shi ya iya, don Allah ya dawo ya koya musu, za su yi murna.

Wani mai hankali da ya karanta wannan sai ya mayar wa Malama kayanta ya ba da haƙuri. Tanimu kuwa hula ya kashe, ya nufi teburin mai shayi.

"Jama'a, kun san Turawan da suka ƙera manhajar nan? Yanzu suka rubuto suna roƙona in koya musu."

"Haba, Injiniya!"

"Ga shi nan, ku karanta. Na ce su bari sai na sami lokaci."

Kafin azahar labari ya zaga tasha, ya shiga kasuwa, ya kai har gidan Mai Unguwa Bawa. Tanimu ya dawo ɗaki ya zauna. Yanzu kam ya rufe wa kansa ƙofar baya da bakinsa.

Yana cikin jujjuya shafin masu manhajar sai idonsa ya faɗa kan wani hoto. Sun ɗauki hoton allo ne don nuna yadda fuskar take in ta hau, da Hausarta da komai. Ya dube shi. Ya dubi kwamfutar. Ya sake dubansa. Sai murmushi.

Ya sauko da hoton, ya shimfiɗa shi ya zama hoton bangon allo. Ya ɓoye 'yan alamomin tsohuwar fuska, ya tura layin da ke ƙasan allo ya lafe. Tas! In ba ka taɓa ba, sai ka rantse ta hau. Dabararsa ita ce a wuce Alhamis lafiya, katin aiki ya shiga wuya, sauran kuma Allah zai kawo hanya.

Alhamis da ƙarfe sha ɗaya an kafa rumfa, an jera kujeru. Mata sun ci ado, Mai Unguwa Bawa na zaune a gaba da sandarsa, dattijo ne da ba ya wasa da ladabi. Aka haɗa majigi, aka haska farin bango. Tanimu ya sha shadda, ya kunna kwamfuta, hoto ya cika bango.

"Ma sha Allah!"

Wata ta fara karantawa da ƙarfi, tana nuni da yatsa. "Fa-yi-lo-li. Sai-tu-na. Kai, wallahi Hausa ce!" Sai guɗa, ayyururui! Tanimu baki har kunne. Ya yi jawabi mai tsawo kan wahalar da ya sha da Turawan da ke damunsa da saƙo. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa.

"Amma akwai sharaɗi. Ba a taɓa ta sai ta kwana uku. Sabuwar manhaja kamar ɗanyen siminti take, in aka taka sai ta yi sawu."

Mata suka gyaɗa kai. Sai wata dattijuwa daga baya ta ɗaga hannu. "Malam, ni fa kibiya biyu nake gani a bangon."

Tanimu ya waiga. Ai kuwa! Ga kibiya ta gaske da ke motsi in an tura linzami, wato ɗan abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur, ga kuma wata a tsaye ƙyam, wadda aka ɗauka tare da hoton. Bai ko lura da ita ba jiya. Ya yi gyaran murya.

"Inna, kin yi ido. Ɗayar ta ajiya ce. In wannan ta gaji sai waccan ta karɓa."

"Allahu akbar. To agogon fa? Ya ce ƙarfe uku da minti sha bakwai."

"Lokacin ƙasarsu ne. Bai gama sabawa da namu ba."

"Tun ɗazu kuma bai motsa ba."

"Baƙunta ce, Inna."

Duk wannan Malama Saude kallonsa kawai take ta saman tabarau. Can ta miƙe. "Injiniya, mun ji sharaɗi. Amma ba a buɗe abu a unguwar nan Baba Mai Unguwa bai sa hannu ba. Dannawa ɗaya tak, ta albarka."

Tanimu ya yi lissafi cikin sauri. Linzami maɓalli biyu gare shi. Na hagu in ka danna shi a kan hoto, babu abin da ke faruwa, ko ka wuni kana yi. Sai ya saki ransa. Ya durƙusa, ya ɗora hannun dattijo a kan linzamin.

"Ranka ya daɗe, wannan na hagun za ka danna. Sau ɗaya, a hankali."

Mai Unguwa ya janye hannu. "Na me?"

"Na hagu, ranka ya daɗe."

"Hagu? Abin alheri a fara shi da hagu? Kai ɗan nan, da hagu kake cin abinci? Da hagu kake shiga masallaci?"

"A'a, Baba, ita kwamfuta tsarinta..."

"Ni shekarata saba'in da huɗu ban taɓa buɗe wa jama'a abu da hagu ba. Ba kuma yau zan fara ba. Bismillah."

Ƙas!

Wani ɗan farin akwati ya faɗo tsakiyar bango, cike da Turanci. Na tsohuwar fuska ne, tana nan a ƙasa da ranta da lafiyarta.

Malama ta matso. "Injiniya, ya aka yi Bahaushiyar manhaja take Turanci?"

"Magagi ne, Malama. Tsohuwar ce ba ta gama... a kashe kawai, a kashe!"

"Tsaya mana in fassara wa mata, ai don koyo muka zo." Ta bi layin da yatsa. "Nan ya ce a jera alamomi. Nan ya ce a nuna waɗanda aka ɓoye. Nan kuma ya ce, hoton bango na gaba." Ta juyo. "Hoton bango, Injiniya?"

Tanimu ya zabura. Ya kai hannu zai zare wayar majigi, sandar Mai Unguwa ta tare shi. Malama ta danna.

Fayiloli suka ɓace, Saituna suka ɓace, kibiyar ajiya da agogon baƙo duk suka tafi tare. Sai wani hoto dabam ya maye gurbinsu. Ashe garin gaggawa jakar hotunan gaba ɗaya ya zaɓa, ba hoto ɗaya ba. A cikin jakar kuwa akwai hotunan da ya ɗauki kansa da kyamarar kwamfutar tun ranar da ya kai ta gida, yana gwajin yadda zai fito a katin aiki. Ga shi nan a bango, ya kai girman ƙofar zaure. Daga shi sai singileti mai huda a kafaɗa, ya maƙala baƙin gilashi, ya dafe haɓa da hannu ɗaya yana kallon sama. Ɗaya hannun na riƙe da kwalin taliya, an rubuta da gawayi: Babban Malamin Kwamfuta.

Dattijuwar baya ce ta fara, ƙiƙiƙi, tana toshe baki da mayafi. Sai rumfa ta ɓarke. Wata ta zame daga kujera, wata na hawaye tana cewa a taimake ta cikinta, mai majigi ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa.

"Malama, akwai na gaba?"

"Da alama akwai."

"A danna! A danna!"

"Don girman Allah, Malama," in ji Tanimu da wata 'yar siririyar murya. Ya san na gaban ya fi wannan muni, don a shi har ya ɗaga ƙafa ɗaya kan kujera.

Malama ta tausaya masa, ta ɗauke hannu, tana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Malam Tanimu, da ka ce mini ta ƙi, da ba ka yi laifi ba, don ta ƙi waɗanda suka haife ta ma. Koyarwa dai babu. Amma akwai kujera ɗaya da ta rage a ajin 'yan koyo, in kana so."

Tanimu ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa idonsa. Mai Unguwa kuwa bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya dogara sanda ya je gaban bango, ya ƙare wa hoton kallo daga gilashi har kwali. Sannan ya juyo ya dafa kafaɗar Tanimu, kamar mai yi wa ɗa nasiha.

"Ka ga amfanin dama ke nan, ɗana. Da na bi ta taka na danna hagu, wa zai nuna mana wannan singiletin?"