Fataken Sama a Fadar Toron Giwa

A Dajin Maje-Biyu kowa ya san wurin zamansa, don an daɗe da raba wuraren. Toron Giwa ne Sarki, saboda ya fi kowa nauyi, kuma ba a taɓa samun mai sha'awar gwada nauyin a jikinsa ba. Dila ne Waziri, domin shi kaɗai ya iya faɗin abin da Sarki yake nufi tun Sarki bai gama nufinsa ba. Sauran dabbobi talakawa ne, aikinsu kiwo da tafi.

Akwatin talabijin ɗaya ne tal a dajin, an rataye shi a jikin tsohuwar kukar dandali, da faifan sola can a ƙololuwa. Da safe a nuna jawabin Sarki. Da rana a maimaita shi saboda waɗanda suka fita kiwo. Da yamma a zaunar da wasu aku su yi sharhi kan hikimar da ke cikin jawabin, ko da jawabin bai wuce gyaran murya da "to madalla" ba. Ranar Juma'a bayan la'asar kaɗai ake ɗaga wa jama'a ƙafa, a sako wani shiri mai suna Fataken Sama.

Shirin labarin wasu dabbobi ne na zamanin da bai zo ba tukuna. Dajinsu ya ƙone ƙurmus, suka shiga kumbo suna ratsa taurari, suna neman duniyar da take da ruwa. Suna da madugu, suna da wani butum-butumi mai baƙar magana, kuma sukan yada zango a wuraren da rana biyu ke fitowa. Yawancin dabbobi ba sa kallo. Cewa suke shirme ne, wa ya taɓa ganin barewa a cikin wata? Amma akwai 'yan tsirarun da ba sa haɗa shirin da komai, kuma shugabarsu wata bushiya ce mai suna Barmani.

Kai, Barmani! Idan ana zancen fari ko ambaliya, dunƙulewa take ta yi barcinta. Amma ka kuskura ka ce kumbon Fatake yana da fikafikai, yanzun nan ƙayoyinta za su miƙe, ta tsare ka a hanya tana yi maka bayani har yunwa ta kama ka. Ba ta iya jin an ɓata labarin nan ta yi shiru. Ita kanta ta san ciwonta ke nan, ta kuma daina neman magani.

To, labari ya kai inda Fatake suka hango wata shuɗiyar duniya, ga man kumbo ya kusa ƙarewa, kuma Juma'a mai zuwa za a ga ko sun sauka ko sun halaka. Sai ga Gauraka mai shela yana zaga daji: daga wannan Juma'ar an dakatar da Fataken Sama, za a maye gurbinsa da sabon shiri, Tarihin Hauren Sarki. Mai ƙorafi ya zo majalisa ranar Alhamis.

Barmani ta tara 'yan ƙungiya a gindin tsamiya, kuma kafin ta buɗe baki gardama ta kaure.

"Ai na sha faɗa muku," in ji Cindo kurege, yana kaɗa wutsiya. "Shirin nan siyasa ne tun daga farko. Madugun nan da ya riƙa cin guzurin jama'a a ɓoye, wa kuke gani? Ku dubi tumbinsa mana! Shi kansa akwatin ba don mu ji daɗi aka rataye shi ba, don mu riƙa kallon wuri guda ne, kada mu waiwayi rumbun jama'a da fada ke ci."

Baba Mantau, tsohon kunkuru, ya girgiza kai. "Cindo, ka rufa mana asiri. Ni don in huta da siyasa nake kallo. Kullum ana ɗura mini Sarki ta ido da ta kunne, ranar Juma'a in hau sama in sha iska, can ma sai ka biyo ni da shi?"

"Gudun gaskiya ne wannan, Baba!"

"Gudun hawan jini dai."

Barmani ta buga ƙafa. "Ko siyasa ne ko ba siyasa ba ne, ni so nake in ga sun sauka. Ku saurara. Idan mun je, tatsuniya ce kawai, abin rarrashin yara. Duk abin da Waziri ya faɗa, kada wanda ya tanka. Ko cewa ya yi jaki ke jan kumbon, ku ce haka ne, ranka ya daɗe."

Baba Mantau ya ƙura mata ido. "Mu dai za mu iya. Ke fa?"

"Ni? Ai ni zan fi kowa shiru."

Ranar Alhamis dandali ya cika maƙil, don dabbobin Maje-Biyu ba sa barin kallon wanda za a tsinka a gaban Sarki ya wuce su. Toron Giwa ya zauna a inuwar kuka, ya lumshe ido. Dila ya miƙe, ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin Sarki, inuwar da muke fakewa ko ba rana. Ya ku jama'ar Maje-Biyu, fada ba ta gaba da nishaɗi. Shaidarmu ita ce kullum muna nuna muku Sarki safe da rana da yamma, ba mu taɓa gajiya ba. Amma akwai nishaɗi, akwai kuma guba. Ni ban taɓa kallon wannan shiri ba, Allah ya tsare ni, sai dai amintattu sun kawo mini labarinsa. Na farko, an ce waɗannan fatake cikin rana suke so su shiga su tare."

Cikin rana! Barmani ta daure ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Na biyu, suna tafe da aljani na ƙarfe, suna yi masa tsafi."

Ƙayoyin bayanta suka fara motsi. Ta dunƙule ta cusa baki cikin ciki, tana ambaton Allah.

"Na uku, kuma shi ne babba," in ji Dila, ya ɗaga murya. "Fataken nan sun haɗa baki suka harbe madugunsu da bindigar wuta, suka buɗe taga suka wurgo gawarsa. Wannan ake koya wa 'ya'yanmu. Juyin mulki, da rana tsaka, a jikin kukar Sarki!"

"Taga? Wace tagar?"

Barmani ce. Ba ta ma san lokacin da ta warware ta tsaya a tsakiyar fili ba.

"Ranka ya daɗe, ba a buɗe wa kumbo taga! Ai da iska ta zuƙe su gaba ɗaya. Kuma ba wanda ya harbi Madugu, wallahi ko ƙwarzane bai samu ba. Doka ce ta Fatake. Duk sanda suka wuce tauraro, sai a ajiye ƙwarya biyu. Kowa ya ɗauki tsakuwa ɗaya, babba da ƙarami, giwa ɗaya, ɓera ɗaya. Mai son Madugu ya ci gaba ya jefa a ta dama, wanda ya gaji da shi ya jefa a ta hagu. Da aka gano yana cin guzuri, aka zazzage ƙwarya a gaban kowa, ta hagu ta rinjaya, ya miƙa sanda ya koma ɗakin girki yana wanke tukwane. Yana nan da ransa, ya ma ƙara ƙiba. Shi ke nan abin da ya faru, don Allah a daina ɓata labari!"

Ta numfasa, ta ji sanyi a ranta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Sai ta waiwaya ta ga Baba Mantau ya shige cikin ƙoƙonsa, ko ƙafa ba a gani.

Can sai wata tsohuwar gada ta leƙo daga baya. "'Yar nan, giwa ɗaya, ɓera ɗaya kika ce?"

"Ɗaya-ɗaya, Inna," in ji Barmani.

"Kuma da aka sauke shi bai tattake kowa ba?" Jakin dawa ne ya tambaya.

Ai an riga an ji amsar. Ƙus-ƙus ya tashi. Zomaye suka soma duban ƙasa, wani gwanki ya sa kofato yana tono tsakuwa kamar ba da gangan ba. Dabbobin da suka shekara suna cewa shirme ne, yau ga shi sun fahimci shirmen a zama ɗaya. Barmani ta yi nadama har cikin ƙashinta. Ita fa shirinta ta zo ceta, ba juyi ta zo yi ba. Dila kuwa harshe ya fito, gumi na tsatsafo masa.

Sai Toron Giwa, wanda kowa ya ɗauka barci yake, ya buɗe ido ɗaya, sannan ya buɗe ɗayan. Ya miƙe a hankali.

"Na ji, kuma na ji daɗi," in ji shi. "Wannan al'ada ta tsakuwa ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Kakana ne ya fara tunaninta, fari ya hana shi aiwatarwa. Tun da talakawana suna so, yau za a jefa tsakuwa a Maje-Biyu. Kuma ba a kan ƙaramin abu za a jefa ba. A kan babban al'amarin da ya tara mu za a jefa, wato abin da za a nuna ranar Juma'a bayan la'asar. Tarihin Haurena na janye shi, domin Sarki ba ya takara da 'ya'yansa."

Guɗa ta tashi. Dila, wanda ransa ya dawo, nan take ya gane abin da Sarki yake nufi. "Allah ya ƙara maka imani! To ƙwaryar dama Fataken Sama. Ta hagu kuma, tun da ba a takara da kai kaɗai, sai a sa kokawa."

"Kokawa!" Dandali ya ɗauka baki ɗaya.

Da yake Barmani ce ta san ƙa'ida, ita aka ɗora kan ƙoren. Kuma ta tsare ƙa'idar, baiwar Allah. Ta jera kowa a layi. Ta mayar da Kura baya da ta zo da dutse a madadin tsakuwa. Har Cindo ta kama da tsakuwa biyu a kumatu, ta sa ya tofar da ɗaya.

"Barmani, taki ce fa nake taimako!" ya ce cikin raɗa.

"Ba haka Fatake ke yi ba," ta ce, idonta ya cika da ƙwalla.

Aka zazzage. Tsakuwar kokawa ta yi tsibi kamar gyaɗa a kaka. Ta Fatake kuwa, kaza ɗaya ma ta isa ta haɗiye ta. Jama'a suka ɓarke da murna, suna rungumar juna, kowa na cewa yau an tambaye shi ra'ayinsa. A nan take aka laƙaba wa Sarki sunan Uban Tsakuwa, shi kuma don karamci ya yi alkawarin kowace shekara bayan kaka za a sake jefawa, a kan wannan muhimmin batu dai. Maganar rumbu da ta sarauta ba wanda ya sake tunawa da su, aka watse ana kiɗa.

Juma'a ta zo, aka nuna wasu gwaggon birai suna tumurmusa juna a ƙasa. Barmani ta shige raminta ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Fatake suna can rataye a sama, mai ya kusa ƙarewa, ga ruwa suna gani, kuma bakinta ne ya bar su a can.

Da ta gaji da kukan ta fito, ta je ta ƙwanƙwasa ƙoƙon Baba Mantau.

"Baba, fito. Bayan kaka aka ce, ko? Tsakuwa muke buƙata, kuma tana hannun jama'a. Gida-gida za mu bi."

Suka fara da gidan Korau mugun-dawa, saboda ya fi kowa yawan iyali, kuma duk inda ya jefa nan suke jefawa. Suka same shi kwance a taɓo. Bayan gaisuwa Barmani ta zauna ta ba shi labarin kumbo, da rana biyu, da shuɗiyar duniya. Ta zuba iya fasaharta. Korau ya saurara yana hamma.

"Hajiya Bushiya, duk na ji," ya ce. "Tambayata ɗaya ce. Akwai kokawa a ciki?"

Baba Mantau ya buɗe baki zai ba da amsa. Shi ya sani, ita ma ta sani, tun da aka fara shirin ba a taɓa kama ko wuyan wani ba. A cikin kumbo ma shawagi ake yi, ina aka ga ƙasar da za a kayar da wani? Barmani ta matsa kusa da Baba Mantau, ta ɗora masa ƙaya ɗaya a ƙafa.

"Kokawa?" ta ce, ta yi murmushi. "Ai Malam Korau, ba ka ga kokawa ba sai a sama. Can idan aka ɗaga ƙato aka wurga shi, sai Juma'a ta zagayo yake faɗowa."

Korau ya kwashe da dariya har taɓo na fantsama. "Haba! Shi ne kuka ɓoye mana? To ki je, tsakuwar gidan nan duk taki ce."

Da suka fito, Baba Mantau ya tsaya a bakin hanya yana ɗingishi. "Barmani, tsakaninki da Allah, yaushe aka yi kokawa a cikin kumbo?"

"Baba, ɗaga ƙafa, rana na yi," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Gidan Kura za mu yanzu. Idan ta tambaya, akwai nama a ciki."