Sarkin Fayil na Sharaɗa

Duk wanda ya ce masu riƙon amana sun ƙare a Kano, bai taɓa shiga kamfanin robobi na Hajiya Aina'u da ke Sharaɗa ba. A can ne Allah Ya ajiye Alhaji Musbahu, babban akanta, wanda ma'aikata ke kira Sarkin Fayil idan ya ba da baya. Mutum ne da idan aka ba shi amana yakan riƙe ta da hannu biyu, har mai ita ma ba ya sake ganinta.

Buri ɗaya gare shi a duniya. Hajiya tana gina sabon reshe a Challawa, kuma tana neman wanda za ta naɗa babban manaja, da mota da direba. Alhaji bai taɓa shakkar wanda za a ba ba. Tuni ya ba da ɗinkin babbar riga, ya kuma sanar da surukansa na Hotoro cewa su fara shirin walima. Abin da ya rage kawai shi ne ya nuna wa Hajiya cewa kamfanin ba ya numfashi sai da shi.

Sai ga dama ta samu. Hajiya ta sayi manhajar lissafi, irin wadda mutum huɗu za su yi aiki a cikin fayil ɗaya a lokaci guda: mai sito ya shigar da kaya daga Bompai, kashiya ta shigar da ciniki daga teburinta, kowa da lambar sirrinsa. Injiniyan da ya haɗa ta ya gama bayani, Alhaji ya raka shi har bakin titi da godiya. Da ya dawo, ya zare wayar da ta haɗa kwamfutocin, ya kwashe fayil ɗin a filas, 'yar na'urar ajiyar bayanai, ya jefa a aljihun 'yar cikinsa, daidai saitin zuciya.

"Tun ana lissafi da biro nake wannan aiki," in ji shi. "Yau kuma a ce ina cikin fayil, yaron sito ya faɗo mini ba sallama? Ni da shi a wuri ɗaya? Ina tarbiyya ta tafi?"

Haka ofishinsa ya zama fada. Uwaisu mai sito yakan hau adaidaita sahu daga Bompai, ya ratsa cunkoson gari, ya zo ya zauna a benci. Atika kashiya, wadda bango ne kawai ya raba ta da shi, ita ma sai ta bi layi. Sai an gaishe shi, an tambayi gajiya da iyali, sannan ya yi gyaran murya, ya ciro filas, ya kifa hularsa a kan yatsunsa ya danna lambar sirri. Mai shigar da bayani kuwa a sunkuye yake yi, domin kujerar ba ta kowa ba ce.

Kada a ce ba shi da kyauta. Da Uwaisu ya yi ƙorafin kuɗin mota, Alhaji ya tausaya, ya ba shi kwafin fayil na watan jiya, kamar yadda yake ba shi tsohuwar rigarsa da salla.

Ranar da Alhaji ya tafi ɗaurin aure Haɗeja da filas a aljihu, motocin 'yan kasuwa suka yini a bakin ƙofa, ba a fitar da ko bokiti ɗaya ba. Wani zai ji kunya. Alhaji kuwa ya dawo yana murmushi, yana tambayar kowa, "Yaya kuka ji da ba na nan?"

Da ranar naɗi ta zo, Hajiya ta tara ma'aikata. Alhaji ya miƙe cikin sabuwar riga tun ba a ba shi izini ba.

"Ranki ya daɗe, ba yabon kai ba ne. Fayil ɗin nan ni ne, ni ne shi. Ba ya rabuwa, ba ya karɓar hannu biyu. Idan na yi zazzaɓi, kamfani ya kwanta. A tambayi direbobin da suka yini a rana!"

Hajiya ta daɗe tana gyaɗa kai.

"Wallahi gaskiyarku, Alhaji. Abin da ya yi ta damuna ke nan. Idan na kai ku Challawa, wa zai buɗe mana fayil a nan?"

Alhaji ya yi saurin cewa, "Ai, Hajiya, ana iya dubawa. Injiniyan ma ya ce mutum huɗu..."

"Haba, Alhaji, injiniya ya fi ku sani ne? Ku zauna inda kuka fi amfani. Uwaisu, kai za ka tafi. Kai ko wata guda ka yi ba ka nan, babu abin da zai tsaya."

Aka shafa fatiha, aka yi ta yi wa Uwaisu barka. Shi ma Alhaji ba a bar shi hannu wofi ba. A wannan zaman Hajiya ta soke hutunsa na shekara, domin kamfani ba zai iya jure rashin mutum irinsa ba.